Baƙin layin Ojibwe: yadda zane ya tashi daga ɓawon itace ya koma ragar bugu

A shekarar 1849 wata tawagar shugabannin Ojibwe daga yankin Tafkin Superior ta kai koke birnin Washington. A kan ɓawon itace suka zana koken, kuma babu harafi ko ɗaya a cikinsa. A gaba akwai tsuntsu mai dogayen ƙafafu irin gauraka, bayansa wasu dabbobi da kifi sun jeru, kowace alamar dangi guda. Daga idon kowace dabba an ja layi zuwa idon tsuntsun, daga zuciyar kowace an ja wani zuwa zuciyarsa. Wani layin kuma ya tashi daga tsuntsun ya koma baya ya sauka kan wasu ƙananan tafkuna, wato ƙasar da ake magana a kanta. Saƙon a fili yake: ganinmu ɗaya, zuciyarmu ɗaya, ga wanda ke magana da yawunmu, ga kuma abin da muka zo nema.

Duk mai son fahimtar zanen Ojibwe na zamani, daga wannan layin ya kamata ya soma. Shi ne ya rayu a kan dutse da ɓawo, shi ne ya koma kan kanbas a shekarun 1960, kuma shi ne ya sa salon ya dace da bugun raga, wato tura tawada ta idon raga zuwa kan takarda, kamar don shi aka ƙirƙiro ta.

Ojibwe reshe ne na al'ummar da ke kiran kanta Anishinaabe. Suna zaune kewaye da manyan tafkunan Arewacin Amurka, a Ontariyo da Manitoba ta ɓangaren Kanada, da Minesota da Wiskonsin da Mishigan ta ɓangaren Amurka. Tun da can suna da hanyoyin ajiye ilimi da hoto. A jikin duwatsun bakin ruwa, irin na Agawa a gaɓar Tafkin Superior, akwai zane-zanen jar ƙasa da aka kwaɓa da mai ko danƙon kifi, mafi shahara a ciki shi ne Mishipeshu, dabbar ruwa mai ƙaho da jikin damisa. Ƙungiyar masu magani ta Midewiwin kuma tana da naɗaɗɗun ɓawo da ake kira wiigwaasabak, inda ake karce waƙoƙi da matakan shiga ƙungiya da tarihin ƙaura.

Wannan zaren da gangan aka tsinke shi. Daga ƙarshen ƙarni na 19 dokar Kanada ta haramta wasu bukukuwan ibadar 'yan asalin ƙasar, kuma ba a cire haramcin ba sai 1951. An kwashe yara kimanin 150,000 zuwa makarantun kwana na tilas da coci-coci ke gudanarwa da kuɗin gwamnati, inda ake hukunta yaro idan ya yi yarensu. Na ƙarshen makarantun ba su rufe ba sai cikin shekarun 1990. Naɗaɗɗun ɓawo da yawa sun ƙare a rumbunan gidajen tarihi. Saboda haka idan aka ce mai zane ɗan Ojibwe yana komawa ga gadonsa, ana nufin aiki ne na zahiri: neman dattijo, koyon harshe, duba abin da ya saura a dutse da akwatunan gidan tarihi, sannan a yanke shawarar abin da ya halatta a nuna wa duniya.

Norval Morrisseau

An haifi wannan mai zane ɗan Ojibwe a farkon shekarun 1930, ya tashi a yankin Beardmore kusa da Tafkin Nipigon, a hannun kakanninsa na wajen uwa. Kakansa Moses Potan Nanakonagos masanin al'ada ne kuma mai magani, kakarsa kuwa 'yar Katolika ce ta gaske. Yana ɗan shekara shida aka kai shi makarantar kwana ta St. Joseph a Fort William, garin da yanzu yake cikin Thunder Bay. Yana da shekara 19 ya yi rashin lafiya mai tsanani, aka yi masa bikin sauya suna, aka kira shi Miskwaabik Animikii, wato Tsuntsun Aradu na Jan Ƙarfe. Da wannan sunan yake sa hannu a zanensa, cikin haruffan gaɓa irin waɗanda ake rubuta harshen Cree da su.

Bai yi makarantar zane ba. Yana aikin mahaƙar zinariya a yankin Red Lake yana zane a kan duk abin da ya samu: ɓawo, falankin katako, fata, da takardar ƙunshi mai ruwan ƙasa irin ta buhun siminti. A 1960 ya haɗu da Selwyn Dewdney, mai binciken zanen duwatsu. A 1962 Jack Pollock, mai gidan baje kolin zane, ya baje ayyukan Morrisseau a Toronto, aka saye su kaf. Daga nan aka samu abin da ake kira salon Woodland. A 2006 Gidan Zane na Ƙasa da ke Ottawa ya shirya masa baje kolin ayyukan rayuwarsa, ya rasu a Disamban 2007.

Sassan hoto a wannan salon ba su da yawa. Na farko baƙin layi mai kauri da ke kewaye siffa, yana kumbura yana sirancewa. Na biyu cikin jiki a buɗe: ana ganin ƙashin baya, zuciya, hanji, ko ɗan tayi, an yanka cikin zuwa ɗakuna kowanne da launinsa. Na uku layukan da ke haɗa halitta da halitta, jikokin layukan koken 1849. Na huɗu da'ira da aka raba biyu, wadda ake fassarawa da abubuwa masu tafiya bibbiyu, dare da rana, alheri da sharri. Launi kuma a shimfiɗe yake, babu inuwa, babu nesa da kusa. Masu nazari kan danganta hasken launukansa da gilasan tagogin coci da aikin duwatsun ado na matan Ojibwe, kuma duk wanda ya ga baƙin layi yana riƙe da ja da shuɗi kamar dalma tana riƙe da gilashi zai ga inda suka dosa.

Harshen ma yana da hannu a ciki. Yadda Hausa ke raba sunaye zuwa namiji da mace, haka Anishinaabemowin ke raba su zuwa mai rai da marar rai, kuma dutse da ganga da lofe suna ɓangaren masu rai. Mai zanen da ya koma koyon yaren kakanninsa yakan daina ganin zuciya a cikin dutse a matsayin ƙawa kawai.

Ɓawo da fenti

Wiigwaas shi ne ɓawon wata bishiya mai farin jiki da ke ɓarewa falle-falle kamar takarda. Da shi ake yin kwalekwale da rufin bukka da kwanduna. Ana ɓare shi ne a ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli, lokacin da ruwan bishiya ke gudana, bayan an ajiye taba, wadda suke kira asemaa, a gindinta. Ana yin tsaga ɗaya daga sama zuwa ƙasa, zurfinta iya fatar waje. Idan lokaci ya yi, ɓawon da kansa yake saki. Wuƙar da ta wuce ta yanki ɓawon ciki kewaye da bishiya ta yanke hanyar abincinta, bishiyar mutuwa za ta yi. Wanda aka ɓare a lokacin sanyi yakan zo da wani baƙi-baƙin shafi a cikinsa, kuma shi ake nema idan za a yi zanen kankara: a jiƙa shi, a kankare bayan siffa, siffar ta fito da duhunta a kan haske.

Ɓawo yana da taurin kai iri biyu. Yana naɗewa yayin bushewa, don haka ana danne shi a shimfiɗe tsakanin faranti biyu na katako da nauyi a kai, in ya riga ya ƙage kuma sai da zafi yake laushi. Sannan yana da 'yan gajerun layuka a kwance a jikinsa, ta nan yake tsagewa. Ɗinkin da ya bi layi ɗaya da su zai yage. Fenti ma ba ya kama shi da kyau saboda maiƙon da ke jikinsa da farar hodar da ke samansa. Takardar ƙunshin da Morrisseau ya yi amfani da ita da farko tana da tata matsalar: akwai tsami a cikinta, da shekaru takan yi duhu ta yi ƙarfi ta fara karyewa, shi ya sa masu adana kayan tarihi ke fama da ayyukansa na farko.

Fentin akirilik mai saurin bushewa a kan kanbas shi ya zama gidan salon. Ana shafa farin share fage sau biyu ko uku, a bar kowane ya bushe, a zana siffa da fensir, a cike ɗakunan launi, sannan a bi da baƙin layi. Wahalar tana wurin shimfiɗa launi sumul. Siririn shafi kan bushe cikin minti 10 zuwa 30, wanda ya koma kan wurin da ya fara kamawa sai buroshi ya bar sawu. Rawaya da wasu jajaye suna nuna abin da ke ƙasansu, sai an maimaita sau biyu ko uku. Launin yakan ƙara duhu idan ya bushe, saboda haka a kwaɓa wanda zai isa ɗakin gaba ɗaya tun farko, don da wuya kwaɓi na biyu ya zo daidai da na farko. Ruwa idan ya yi yawa danƙon fentin yakan raunana. Ga kuma sanyin arewacin Ontariyo: ƙasa da kimanin digiri 10 na ma'aunin Celsius akirilik ba ya haɗe jikinsa da kyau yayin bushewa, kanbas ɗin da aka naɗe ko aka warware cikin tsananin sanyi kuma fentinsa yakan tsattsage.

Baƙin layin ba a yin sa da ɗar-ɗar. Buroshi mai dogon gashi, fenti mai kaurin kindirmo da aka ɗan dama, hannu yana tafiya daga kafaɗa. A danna ya yi kauri, a ɗaga ya sirance. Layin da aka yi ta gyarawa yakan fito da kauri ɗaya ko'ina, kamar waya, kuma idon da ya saba yana gane shi nan take.

Abin da ba a zanawa

Morrisseau ya sha suka daga wasu dattawan al'ummarsa, domin ilimin Midewiwin mataki-mataki ake ba da shi, ga wanda aka shigar, kuma shi ya fito da wasu siffofi kasuwa. Hujjarsa ita ce abin yana ɓacewa kuma matasa na buƙatar ganinsa. Har yau gardamar ba ta mutu ba, amma ta haifar da ladabin aiki. Mai zane yakan kai wa dattijo taba kafin ya yi tambaya. Yakan bambanta labarin da kowa ke iya ji da wanda ke na cikin ɗaki. Akwai tsofaffin tatsuniyoyi masu tsarki da ake ba da su a lokacin hunturu kaɗai. Kwafe naɗaɗɗen ɓawo daga hoton gidan tarihi a sayar, ko da mai kwafen ɗan Ojibwe ne, abu ne da mutane da yawa ba sa yarda da shi. Wanda ba ɗan ƙabilar ba kuwa, a 2017 wani gidan baje koli a Toronto ya soke nunin wata mai zane da ta ɗauki salon, bayan ƙorafin da ya taso.

Kuma ba kowane mai komawa gida ne ke bin wannan salon ba. George Morrison, wanda aka haifa a 1919 kusa da Grand Marais a Minesota, ya yi karatun zane a Minneapolis da New York da Faransa, ya shafe shekaru yana zanen da babu siffar mutum ko dabba a ciki. A 1970 ya koma Minesota yana koyarwa a jami'ar jihar, daga baya ya zauna a Grand Portage, a bakin Tafkin Superior. Gadon da ya fi bayyana a aikinsa layi ɗaya ne, inda ruwa ya haɗu da sama, yana sa shi can sama-sama a hoto, yana maimaita shi cikin launuka daban-daban har rasuwarsa a 2000. Carl Beam na M'Chigeeng a tsibirin Manitoulin, wanda shi ma ya yi makarantar kwana, ya bi ta tsofaffin hotunan kyamara yana ɗora su a kan kanbas da farantin bugu. A 1986 Gidan Zane na Ƙasa ya sayi aikinsa a matsayin zanen zamani, abin da ya buɗe ƙofar da ta daɗe a rufe ga 'yan asalin ƙasar.

Ragar bugu

Zanen kanbas guda ɗaya ne, mai kuɗi a Toronto ya saya ya rataye a falonsa, mutanen da labarin ya fito daga cikinsu ba su gani ba. Bugu ne ya gyara wannan. A 1971 mai zane Daphne Odjig ta buɗe shagon sayar da bugaggun zane a Winnipeg, kuma a wurinta ne ƙungiyar masu zane bakwai ta haɗu, ciki har da Morrisseau da Carl Ray da Jackson Beardy. A 1973 'yan'uwan matar Morrisseau, Joshim da Goyce da Henry Kakegamic, suka kafa Triple K a Red Lake, gidan bugun raga mallakarsu, suna buga nasu zanen da na wasu. Muhimmancinsa shi ne mai zane yana tsaye a kan launi da adadi da farashi.

Dabarar ita ce dai wadda masu buga rigunan makaranta da na kamfen ke amfani da ita a Kano ko Zinder, sai dai a kan takarda ta fi son natsuwa. Kowane launi da ragarsa. Hoto mai launi takwas, raga takwas. Ana fara da rarrabe launuka: a ɗora fallen roba mai gani-har-hanji a kan zanen, a cike wuraren ja kaɗai da baƙar tawadar da haske ba ya ratsawa, a ɗauki wani falle don shuɗi, haka har a gama, tare da 'yan alamun gicciye a gefe don daidaitawa. A da da wuƙa ake yanka siffar a jikin wani siririn fim a manna wa raga. Yanzu an fi shafa wa ragar maganin da haske ke ƙagar da shi, shafi ɗaya kowane gefe, a busar a duhu a kwance. A ɗora fallen, a haska. Inda haske ya taɓa ya ƙage, inda baƙi ya kare kuma ruwa ya wanke, nan tawada za ta bi.

Ragar takarda takan kasance mai zare 200 zuwa 230 a kowane inci, ta fi ta riga ƙanƙantar ido. Lokacin haskawa ya danganta da fitila da nisanta da irin maganin, don haka ana gwaji a raga ɗaya, a riƙa buɗe sashe-sashe a lokuta daban. Idan hasken ya gaza, maganin yakan yi santsi ya zube wurin wanki ko tsakiyar aiki. Idan ya zarce, haske yakan kutsa ƙarƙashin siraran layuka ya toshe su. Ƙura a kan gilashi tana barin 'yan huji da ke ɗiga tawada inda ba a so, sai a ɗaga ragar a gaban haske a toshe su tun kafin a fara.

Ana ɗaure firam ɗin ragar da hinji a kan tebur, a ɗaga shi kimanin milimita 3 daga takarda, domin ragar ta taɓa takardar a ƙarƙashin robar shafi kaɗai ta koma sama nan take. Idan babu wannan tazara, raga takan manne, launi ya fito da dabbare-dabbare. Takardar auduga marar tsami, mai nauyin giram 250 a kowane murabba'in mita ko kusa da haka, ana jingina ta da 'yan maƙalai uku, biyu a dogon gefe ɗaya a gajere, kowane falle ya zauna wuri ɗaya. A zuba tawada a jere, a shafa ta a hankali ta cika ragar, a sauke, a ja robar sau ɗaya a karkace wajen digiri 60. Robar da ta kwanta sosai tana tura tawada fiye da kima, gefen siffa ya yi ɓutu-ɓutu. Tawadar ruwa tana bushewa a idon raga idan aka tsaya hira, shi ya sa ake sake cika ragar bayan kowane ja, a kuma ɗiga mata maganin jinkirta bushewa.

Ana fara da launuka masu haske, a bar kowane ya bushe, baƙi ya zo ƙarshe. A nan salon Woodland ya ci riba. Babbar fargabar mai bugu ita ce launuka su goce, farin takarda ya leƙo tsakaninsu, kuma takarda tana kumbura tana tsukewa da laima tsakanin launi na farko da na takwas. Amma da yake kowane ɗakin launi yana da baƙar katanga, sai a ƙara wa launin milimita ɗaya ko biyu ya shiga ƙarƙashin inda layin zai sauka. Baƙin ya zo ya rufe duk wata 'yar gociya. Zane mai inuwa da narkewar launi ba ya samun wannan rangwame.

Mai son kwafi 50 yakan fara da falle 60, don wasu za su lalace. Launi takwas a falle 60 ja 480 ke nan da hannu. Waɗanda suka tsira ana rubuta musu lamba da fensir a ƙasa, misali 12/50, tare da sa hannu, a ware kaɗan na mai zane, sannan a wanke ragar don kada a ƙara buga wasu a ɓoye. Mai saye yana iya bambanta wannan da hoton inji: a ƙarƙashin gilashin ƙara girma, bugun raga launi ne cikakke mai ɗan tudu a gefensa, hoton inji kuwa ɗige-ɗige ne.

Jabu

Sauƙin da ya sa salon ya dace da bugu shi ya ja hankalin 'yan damfara. Tun Morrisseau yana raye ya yi ta nuna zane-zanen da ya ce ba nasa ba ne. A Maris 2023 'yan sandan Thunder Bay da na lardin Ontariyo suka gurfanar da mutum takwas, suka ce sun kama zane sama da 1,000, kuma daga baya wasu daga cikinsu sun amsa laifi an yanke musu shekara biyar-biyar. Amurka tana da dokar 1990 da ta hana sayar da kaya da sunan aikin 'yan asalin ƙasa alhali ba nasu ba ne, Kanada ba ta da irinta.

Yadda ɗaya daga cikin gungun ke aiki ya fito a kotu. Mutum ɗaya ya zana siffa da fensir, ya rubuta harafi a kowane ɗaki don nuna launin da za a sa, wasu su cike, a bi da baƙin layi, a sa suna da tsohuwar shekara a bayan kanbas. Fenti ya rufe komai daga ido. Amma wani irin haske da ido ba ya gani, wanda ke gaba da ja, yana ratsa yawancin launukan akirilik, baƙin fensir kuma yana shanye shi. Da aka ɗauki hotunan zanen da irin wannan kyamara, sai ga haruffan zaune a ƙarƙashin ja da shuɗi, kowanne a ɗakinsa.